Ɗaɗɗoya da Ƴar Uwarta Zufa: Amfaninsu da Iyakarsu

 Yau za mu yi magana a kan wani ganye da kowa ya sani, amma ba kowa ne ya san iyakarsa ba. Ganyen nan shi ne ɗaɗɗoya, wasu kuma su ce ɗoɗɗoya. Za mu kuma taɓo wata ƴar uwarta ta ƙasashen waje, wadda ake kira zufa.

Idan damina ta yi nisa, tabkuna suka cika, sauro yakan yi yawa daga Tanut har Balbeji. A lokacin ne ake neman ganye mai ƙamshi. A turara ɗaki da shi da magariba. A dafa wa mai tari. A turara yaron da ya firgita. Idan kaka ta yi, a zuba shi cikin wake don kada ya huje. Wasu daga cikin ayyukan nan ganyen yana yin su da gaske. Wasu rabi yake yi. Akwai kuma wanda ba ya iyawa sam. Sanin bambancinsu na iya tsirar da ran yaro, ya kuma tsirar da wahalar damina guda.

MECE CE ZUFA?

Da farko kada mai karatu ya rikice. Ba zufar gumi muke nufi ba. Wannan suna ne na Larabci da ya yi kama da kalmarmu. Turawa na kiran shukar hisof. Asalinta kudancin Turai ne da ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Gajera ce, tsawonta bai cika wuce gwiwar mutum ba. Ganyenta siriri ne, furenta shuɗi, ɗanɗanonta da ɗan ɗaci. Ƙudan zuma na son ta ƙwarai.

Likitocin da can sun san ta. Wani likita Bagirke mai suna Diyoskorides, wanda ya rayu kusan shekara 2000 da suka wuce, ya rubuta cewa ana dafa ta da ɓaure da zuma don tari. Ibn Sina ma ya ambace ta cikin babban littafinsa na magani, Alƙanun, wanda ya kammala a shekarar 1025. Har yau a ƙasashen Larabawa da Turai ana shan ta kamar shayi saboda mura da majina.

Zufa ba shukar ƙasarmu ba ce. Ba za ka same ta a dajin Gangara ko na Olelewa ba. Amma danginta na nan tare da mu. Na'ana'ar da muke jefawa cikin shayi dangin zufa ce. Ɗaɗɗoya ma haka. Larabawa na kiran ɗaɗɗoya raihan. A shekarar 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa, kuma ɗaɗɗoya na ciki. Ke nan ba yau muka san ta ba. Sai dai an tambayi ido, wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe.

YADDA ZA KA GANE DANGIN

Alamu uku ne. Ka kama karan ka murza tsakanin yatsu. Za ka ji ba zagayayye ba ne kamar karan gero, kusurwa huɗu gare shi. Sa'an nan ka dubi ganyen. Bibbiyu yake fitowa, ɗaya na fuskantar ɗaya. Na uku, ka murje ganye guda ka sansana. Ƙamshi zai buge ka nan take.

Ɗaɗɗoya ba iri ɗaya ba ce. Akwai babba ta gida mai faffaɗan ganye, wadda takan yi shekaru idan tana samun ruwa. Akwai ƙarama mai laushi da ake sa wa miya. Akwai ta daji, wadda ke fitowa da kanta da damina a bayan gari da gefen fadama. Cikin danginsu na daji akwai wadda ake kira bunsurun fadama saboda ƙarfin warinta, da wadda ake kira sarakuwar sauro. Wanda ya raɗa wannan suna na biyu ya iya magana: wai sauro na kauce mata kamar yadda mutum ke kauce wa surukarsa a hanya. Sunayen nan sukan bambanta daga gari zuwa gari. Saboda haka kada ka dafa ganyen daji ka sha don kawai sunansa ya yi daidai da wanda ka ji. Kama da wane ba wane ba ne. Ka kai wa dattijon da ya san shi ya duba maka.

Ina ƙamshin yake fitowa? A jikin ganyen akwai ƙananan ƙulli da ido ba ya gani sosai. Cikinsu akwai wani mai. Idan ka murje ganyen, ko ka zuba masa ruwan zafi, ko ka ɗora shi a kan garwashi, sai ƙullin su fashe, man ya tashi ya bi iska. A wasu irin ɗaɗɗoya man nan iri ɗaya ne da na kanumfari, shi ya sa ƙamshinsu ya yi kama. Shukar na yin man ne don ta kare kanta daga ƙwari.

A riƙe wannan da kyau, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansa ya rataya. Ƙarfin ganyen cikin man yake. Man kuwa mai tashi ne. Idan ƙamshi ya tafi, aikin ya ƙare.

TSARKI, ISKA DA TURARE

Abin mamaki, al'ummu da yawa da ba su san juna ba sun ɗauki ganyen dangin nan a matsayin abin tsarkakewa. A cikin Attaura an ambaci wata shuka da Bani Isra'ila ke ɗaurewa tuntu, su tsoma, su yayyafa wa mutum ko gida don tsarkakewa. Turawa suka fassara sunanta da hisof, ko da yake masana da yawa na ganin wata ƴar uwarta ce da Larabawa ke kira za'atar. Da aka zo mai da littafin zuwa Hausa, a wata fassara sai aka sa ɗaɗɗoya a gurbinta. Masu fassarar ba su yi nisa da gaskiya ba. A ƙasar Girka har yau limaman Kirista na yayyafa ruwa da tuntun ɗaɗɗoya. A Indiya mabiya addinin Hindu na shuka wata irinta mai suna tulsi a tsakar gida, suna girmama ta. A Turai ta da, akan baza zufa a daɓen ɗaki, akan kuma rataye ta a gida don tsoron kambun baka. Mu ma mun san sunan raihan cikin Alƙur'ani mai girma, a suratur Rahman da suratul Waƙi'a, inda yake nufin tsiro mai ƙamshi.

A ƙasar Hausa wasu na haɗa ɗaɗɗoya da ganyen magarya a ruwan wanka saboda sammu. Wasu na zuba ta a kasko tare da tazargade ko habbatus sauda, a turara ɗaki ko a turara yaro, a ce ana korar iska.

Ba mu zo yi wa kowa dariya ba. Kakanninmu masu lura ne. Sun ga ɗakin da ake turarawa ƙuda da sauro na raguwa a cikinsa, wari ya gushe, mutane su samu barci. Sun ga amfani, suka ba shi fassarar da suke da ita. A wancan zamani ba wanda ya san abin da ke kawo zazzaɓin damina. Sai a shekarar 1880 wani likita Bafaranshe mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin maras lafiya a Aljeriya. A 1897 wani likitan Ingila mai suna Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ita. Mai son ƙamshi a ɗakinsa ya turara, ba laifi. Inda laifin yake shi ne a tsaya turare a lokacin da ya kamata a kama hanya.

YARON DA KE JIJJIGA

Mu ɗauka ga wani yaro ɗan shekara biyu a wani ƙauye na kwarin Tarka, cikin watan Satumba. Kwana biyu jikinsa da zafi. Ran na uku da la'asar sai idonsa ya kafe, haƙora suka datse, hannu da ƙafa suka shiga karkarwa. Uwa ta ƙwalla ƙara. Maƙwabta suka taru. Wata ta ce iska ce ta taɓa shi, ai an gan shi yana wasa gindin tsamiya. Aka hura garwashi, aka zuba ganye, aka lulluɓe shi da zane don hayaƙi ya shige shi. Bayan ɗan lokaci jijjigar ta lafa. Kowa ya ce turare ya yi aiki. Aka kwana.

Ga abin da ya faru a gaskiya. Jijjiga takan tsaya da kanta bayan ƴan mintoci, ko an yi turare ko ba a yi ba. Amma abin da ya kawo ta yana nan. Sau da yawa a irin wannan lokaci zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Da rani kuma, idan wuya ya sanƙare, yana iya zama sanƙarau. Duka biyun na iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Hayaƙin da aka lulluɓe shi da shi bai kai ga ƙwayar cutar ba, domin ita cikin jini take. Abin da ya yi kawai shi ne ya ƙuntata wa yaron numfashi, lulluɓin kuma ya ƙara masa zafi. Daren da aka kwana ana murna, shi ne daren da ya kamata a ce yana gidan likita.

To, me za a yi? A kwantar da yaron ta gefensa, don kada yawu ko amai ya shaƙe shi. A sassauta masa tufafi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Kada a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko jiƙo, muddin bai dawo hayyacinsa ba, domin zai bi ta hanyar numfashi. A shafe jikinsa da tsumma mai ruwa, ba mai sanyi ƙwarai ba. Sa'an nan a nemi amalanke ko babur a tafi, ko da tsakar dare ne. Addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a kan hanya.

Mun san uzurin da ake kawowa. Ƙauyukan Damargu na da nisa da juna. Hanya rairayi ce, aikin gona kuma ya kama kowa. Gaskiya ne. Amma nisan nan shi ne dalilin da ya sa bai kamata a jira jijjiga ba. Tun ranar farko ta zafin jiki a kai yaro. Za a ɗiga jininsa kaɗan daga yatsa, cikin minti 15 ko 20 a san ko zazzaɓin sauro ne. Idan shi ne, maganin na kwana uku ne, kuma a shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa. Ban da jijjiga, ga wasu alamu da ba a kwana da su: yaro ya ƙi nono ko ruwa, ya riƙa amayar da duk abin da aka ba shi, ya yi laushi a kasa tashe shi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat.

Maigida, wannan magana taka ce. Sau da yawa uwa na son tafiya, izini da kuɗin hanya take jira. Idan za ka kwana a gona ko za ka yi tafiya da damina, ka bar izinin a gida tun kafin ka fita.

INDA GANYEN KE TAIMAKO

Ga babba mai mura, ko ƙaiƙayin maƙogwaro, ko kumburin ciki bayan cin abinci, ɗaɗɗoya na kawo sauƙi. A samu ɗanyen ganye kamar goma, ko busasshe cike da ƙaramin cokali. A wanke. A tafasa ruwa kofi guda, a sauke, sa'an nan a zuba ganyen a rufe. Rufewar na da muhimmanci. Idan aka bar shi yana ta tafasa a buɗe, man ya gudu, ɗaci kawai aka bari. Bayan minti goma a tace a sha da ɗumi, sau biyu ko uku a yini. Ana iya sa zuma, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Sirace ma na buɗe hanci. Na manya ne. Yara da yawa sun ƙone da tukunyar sirace.

Sauƙi daban, warkewa daban. Idan tari ya wuce mako biyu, ko ana tofar da jini, ko mutum na ramewa yana gumin dare, a je a auna majina. Yana iya zama tarin fuka, wanda maganinsa na wata shida ne, ba ganyen da ke kashe shi. Idan yaro na tari yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ciwon ya sauka huhu. A kai shi a ranar. Mai zawo kuwa abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. A kaɗa garin gishiri da sukari na gidan likita cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ba jiƙo, ba ɗauri.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari. Wasu na matse ruwan ganyen cikin ido mai ciwo. Wasu na jefa ƙwayar irin cikin ido, wai ta fito da datti, saboda irin yakan kumbura ya yi yauƙi idan ya jiƙa. Ido ba wurin gwaji ba ne. Ruwan ganye na iya shigar da ƙwayar cuta, ƙaramin ciwo ya zama hakiya. A wanke da ruwa mai tsabta, idan bai daina ba a je a duba.

Mace mai ciki ta ci ɗaɗɗoya cikin miya, ba komai. Amma kada ta dafa mai kauri ta riƙa sha kamar magani. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya ajiye maganinsa don an ce masa ganye ya isa.

MAN KWALBA

Yanzu zamani ya kawo tallar mayukan ganye, a kasuwa da cikin wayar salula. Ana iya kawo maka ƴar kwalba a ce man zufa ne daga ƙasar Larabawa, yana maganin tari da sammu da komai. A yi hattara. Kafin a cika ƴar kwalba guda sai an tatse buhunan ganye. Ke nan ɗigo kaɗan ya fi tulin ganye ƙarfi. Cikin man zufa akwai wani sinadari da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Likitoci sun ga mutanen da suka sha shi suka kama jijjiga kamar masu farfaɗiya. Saboda haka a Faransa doka ta ce kantin magani kaɗai ke da izinin sayar da shi. Dubi abin takaici: a ba yaro mai don tsoron iska, man ya jefa shi jijjiga, a ce ga iskar ta bayyana, a ƙara masa. Ba a ba yaro, ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, ba a ba mai farfaɗiya. A ganinmu, kuɗin kwalbar gara a ajiye su don kuɗin babur.

SARAKUWAR SAURO DA SANGE

Shin da gaske ganyen na korar sauro? Yana kora, amma ba duka ba. A shekarar 2002 masu bincike a ƙasar Kenya sun ba da sakamakon wani gwaji. Sun jera tukwanen ɗaɗɗoyar daji a jikin bukkokin da mutane ke kwana ciki, suka ƙirga sauron da ya shiga. Sauro ya ragu, amma ragin bai kai rabi ba. Hayaƙi kuwa yakan yi aiki ne muddin yana tashi. Sauron da ke kawo zazzaɓi macen ce, kuma ta fi cizo da tsakar dare zuwa asuba. A lokacin garwashi ya daɗe da mutuwa. Suruka ta tafi barci, sauro ya dawo da ƙarfinsa. Cizo ɗaya kuma ya isa.

Saboda haka a raba musu aiki. Ganye na hira ne, daga magariba zuwa lisha, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Ba a rufe ɗaki da garwashi a ciki, musamman inda jariri ko mai asma yake. Idan an tashi kwanciya, sai sange, wato gidan sauro mai magani. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 an raba fiye da miliyan 2 a faɗin Nijar, an kuma sake rabawa sau da dama bayan nan. Amma sangen da aka kewaye garka da shi, ko aka ɗaure harawa da shi, ba ya kare kowa. A ɗaura shi ko a waje ake kwana, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, a ɗinke inda ya yage.

Akwai kuma maganin rigakafi na damina da ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya a wata. An fara shi a Nijar a 2013, kuma Magarya ta jiharmu ta Damagaram na cikin wuraren farko. Na kwana uku ne kowane wata. Ma'aikaci ya ba da na ranar farko, uwa ta ba da na sauran kwana biyun a gida. Kada a ɓoye na kwana biyun don wata rana.

CIKIN RUMBU

Kowane manomi ya san ciwon wake. Da kaka yana da araha. Wanda ya iya ajiye shi zuwa bazara shi ke cin riba. Amma ƙwaro ba ya jira. Tun a gona yake yin ƙwai a jikin kwanson. Tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar wake, ta ci, ta girma, ta fito ta bar rami. Cikin kimanin wata guda an yi sabon zuri'a. Bayan ƴan watanni ka buɗe buhu ka tarar da gari da wari.

Zuba busasshiyar ɗaɗɗoya ko bunsurun fadama tsakanin wake dabara ce tsohuwa a Afirka ta Yamma. Warin na damun uwar ƙwaron, ya rage mata yin ƙwai. A nan Damargu muna da wanda ya fi su sauƙin samu, wato hanza. Masu bincike a Yamai da ƙasar Senegal sun gwada ɗanyen ganyenta da aka daka, suka tarar warinsa na kashe ƙwaron wake idan mazubin a rufe yake. Amma ka tuna da abin da muka faɗa tun farko. Wari mai tashi ne. A buhun da iska ke ratsawa, bayan ƴan makonni ya tafi, tsutsar da ke cikin ƙwaya kuma tana nan tana ci. Dabarar ganye ta dace da ƴan tiyoyin da za a ci nan kusa, ko irin shuka cikin tulun da aka liƙe bakinsa.

Mai wake da yawa ya nemi abin da ke hana iska shiga. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, an fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Ba ya bukatar magani ko kaɗan. Ƙwaron ne ke shanye iskar da ke ciki, sa'an nan ya mutu. A shanya wake ya bushe sarai, a sheƙe. A duba ledar kada ta kasance da huda. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban. A ɗora a kan itace nesa da ɓera, kada a riƙa buɗewa. Jarka ko tano mai marfi ma na yin wannan aiki idan an cika shi fal an toshe. Ƙwayar gubar nan da wasu ke jefawa cikin buhu kuwa, iskar da take fitarwa na kashe mutum. Ba a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da ake kwana.

YADDA ZA KA SHUKA TAKA

Ruwan sama a Tanut bai kai na Magarya ko Matamaye ba. A shekaru da yawa ba ya wuce milimita 300. Rijiyoyinmu kuma masu zurfi ne, kowace guga da wahala ake jawo ta. Don haka ba za mu ce kowa ya yi garkar ɗaɗɗoya ba. Gindi biyu ko uku sun ishi gida, kuma ba sai an ɗebo musu ruwa na musamman ba.

A samu fasasshen tulu ko tsohon bokiti mai huda a ƙasa. A haɗa rairayi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen kashin awaki na ƙone saiwa. A ajiye tukunyar inda ake alwala, ko kusa da randa inda ruwa ke ɗiga. Ruwan wankin gero ma ya yi. Ruwan sabulu da ruwa mai kanwa da yawa ne ba ta so. Tana son hantsi, amma da bazara a kare ta daga ranar azahar. Da hunturu a matsar da ita jikin katanga ko darni, saboda busasshiyar iska da sanyin asuba na baƙanta ganyen.

Irin ƙanana ne baƙaƙe. Ba a binne su da zurfi. A barbaɗa, a rufe da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa da hannu. Cikin mako guda ko kwana goma za su tsiro. A cire raunana a bar biyu. Wanda maƙwabciyarsa ke da ita ma ba sai ya nemi iri ba. Ya roƙi ɗan reshe mai tsawon yatsa, ya cire ganyen ƙasa, ya tsoma cikin kwalbar ruwa a inuwa. A riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya ko biyu saiwa za ta fito, sai a dasa da yamma.

Idan ta kai tsawon ɗani, a tsinke kanta. Mutane na jin tausayin yin haka, amma shi ke sa ta yi rassa ta cika tukunya. Duk inda aka tsinke, biyu ke fitowa. Idan ta fara fure a riƙa cirewa, domin da zarar ta zuba iri sai ganye ya ragu. A kewaye ta da ƙaya. Kaji na tone ta, akuya kuma da rani ba ta zaɓe.

Masu noman rani a bakin tabki na iya jera ta a gefen fangalin tumatir, tazarar kamu guda tsakanin gindi da gindi. Manoman Turai na shuka zufa kusa da kabeji, suna cewa tana janye malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke cin ganye. Kada ka dogara da irin wannan ka daina duba shukarka. Amfanin da ya tabbata shi ne na furen. Idan aka bar wasu gindi suka yi fure, ƙudan zuma za su zo, su kuma ke sa kabewa da kankana su ɗaura ƴaƴa da kyau.

Ana tsinkar ganye da safe bayan raɓa ta bushe. A shanya a inuwa a kan faifai, ba a rana ba, don rana na kwashe man. Idan ya bushe har yana karyewa, a zuba cikin kwalba ko gwangwani mai marfi, kada a daka sai ranar amfani. Wanda ka buɗe ka ji ba ƙamshi, ka zubar. Kafin damina ta ƙare a bar reshe biyu su yi fure har zangarniyar ta bushe ta yi ja. A murje ta a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a ƙulle irin cikin takarda, a rubuta shekara a jiki, a rataye inda ɓera da laima ba su kai.